Katin Da Ban Kankare Ba

Bukan Sidi, Lafiya.
Ranar Alhamis, bayan La'asar.

Zuwa ga Yayarsu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar da ban saba yi miki da baki ba. Ina fata takardar nan ta same ki kin sauka Jos lafiya, kin huce gajiyar mota, kin tarar da Goggonki Ladi da mutanen gidanta ƙalau. Allah ya tsare ki a inda idona bai kai ba.

Na naɗe wasiƙar a leda na cusa ta cikin buhun gishirin Awe da na ce ki kai wa Goggonki, don na san ke za a sa ki kwance shi. A cikin ambulan ɗin akwai wani kati. Kada ki taɓa shi sai kin kai ƙarshen karatu. Yanzu haka ina jin ki a ɗakinku kina fama da zif ɗin jaka. Taku goma ne tsakaninmu, amma ga ni ina rubuta miki wasiƙa kamar kina wata ƙasa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki irin uwar da Allah ya haɗa ki da ita.

Gobe za ki tafi ki fara makarantar koyon jinya. Tun ranar Litinin na san ba ki son ta, na kuma san ni na kai ki ƙofarta.

Ga abin da ya faru ranar Litinin. Na kai 'yan ajin ƙarshe na makarantarmu shagon intanet na Oga Sande da ke bakin titin Makurɗi, don su cika fom ɗin jarabawar shiga jami'a. Janareto na ta ruri, yara sun yi layi, sai mutumin nan ya ɗago daga kwamfutarsa da Hausarsa da kika sani, wadda mace da namiji duk “shi” ne a cikinta.

“Malama, yaya yarinyanka? Wancan mai shiru-shiru. Ya samu makaranta?”

Na ce za ta tafi jinya.

“Jinya? Ba shi ne yana son karatun dutse ba?”

Na ce wa ya gaya masa haka.

“Ai shi ya cika da hannunsa, kafin kai ka zo ka canja. Washegari ya dawo, ya ce in buɗe masa. Ya gani an sa likita. Ya ce wane ne ya taɓa? Na ce Mama naka ne. Na ce idan yana so a sayi sabon kati a gyara, ba wahala. Ya sake kallon kwamfuta. Sai ya ce, ‘Oga, bar shi haka.’ Abi na yi laifi, Malama?”

Kujerar roba na laluba na zauna. Ɗalibaina suna kallona, ɗaya har tana yi mini fifita da fayil ɗinta, ta ɗauka zafi ne. Ni kuwa lissafi nake yi. Shekara biyu cur. Shekara biyu kina ɗora mini ruwan wanka, kina goge mini kayan zuwa aiki, kina ce mini “Sannu da dawowa, Malama,” alhali kin san abin da na yi miki a bayan idonki. Ban taɓa jin tsoron ɗan da na haifa ba sai ranar.

Raina a ɓace yake. Ina fushi da Oga Sande, ina fushi da babanku, ina fushi da ke. Amma bari in fara da mai babban laifi, in jera miki kurakuraina yadda suka zo, don kada ki ɗauke su ki tafi da su gidan wani.

Na farko shi ne kunya. Ke ce 'yar fari, kuma kin san al'adarmu: uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta jan sa a jiki a gaban mutane, ba ta zama hira da shi. Ina yaye ki aka kai ki Awe wurin Iya, mahaifiyata, kika girma a gindin tukwanen gishirinta. Da kika dawo hannuna kina shekara tara, sai na bi bakin ƙannenki ina ce miki Yayarsu, ke kuma kika bi bakin 'yan makaranta kina ce mini Malama. Mutane suna yabona, wai duk bokon da na yi ban zubar da ta ido ba. Ni ma ina jin daɗin yabon.

Iya ta sha gaya mini, Allah ya jiƙanta. Ta ce in sauran yara sun tafi wasa, ke sai ki bi ta fadamar gishiri, ki tsuguna kina kallon yadda take yayyafa ruwan a ƙasa, ya bushe, ta kankare, ta tace a tukunya mai huda, ta dafa. Ta ce kin ishe ta da tambaya: me ya sa ruwan nan yake da gishiri, na rijiyar gida ba shi da shi? Me ke ƙarƙashin ƙasar? Wa ya zuba shi? Ta ce, “'Yar nan taki za ta tone Awe wata rana, sai ta ga gindin gishirin.” Na yi dariya na sauya zance, don ba a yabon ɗan fari a gaban uwarsa. Da kika dawo Lafiya da gwangwanin madara cike da duwatsu, kin jera su launi-launi, ni na sa aka zubar, na ce za su jawo mana kunama a ɗaki.

Al'adar ta ce kada in faɗi sunanki. Ba ta ce kada in san ki ba. Wannan ni na ƙara da kaina, saboda ya fi mini sauƙi. Shawarata a nan gajeriya ce. Ki riƙe kunya, ado ce. Amma duk ranar da kika ga kunya ta hana ki tambayar wanda ke ƙarƙashinki abin da ke ransa, ki sani ta tashi daga kunya ta koma lalaci.

Na biyu shi ne kwamfutar makaranta. Kin tuna shekarar da kike ajin ƙarshe aka kawo mana kwamfutoci shida, da wani faifai mai tambayoyin zaɓen sana'a. Yarinya za ta zauna, injin ya yi ta tambayarta: kin fi son aiki a ɗaki ko a fili? Kin fi son gyara abin da ya lalace ko lallashin mai kuka? In ta gama amsawa sai firinta ta fito da takarda mai jerin karatun da ya dace da halinta, da darussan da ake nema a kowanne. Da yake ni ce malamar ba da shawara, ni aka damƙa wa makullin ɗakin.

Tambayoyin da Turanci suke, yaranmu kuwa kin san su, wata Alago, wata Eggon, wata Bafulatana, Turancin bai zauna ba, kuma ba wadda ta taɓa dafa kwamfuta. Sai na ce bari in taimaka. Nakan zauna kusa da yarinya, in karanta, in fassara, in danna. In tambaya ta ce, “Kina son aiki da injina?” sai in ce, “Ai ke ba ruwanki da baƙin mai, ko?” Yarinya ta sunkuyar da kai ta ce, “E, Malama.” In danna a'a. In ta ce, “Kina son kula da marasa lafiya?” sai in ce, “Wace mace ce ba ta so?” In danna e. Takardu suka yi ta fitowa: jinya, koyarwa, jinya, koyarwa, jefi-jefi likita in yarinyar mai ƙoƙari ce. Na shiga ofishin malamai ina ɗaga su sama, ina cewa ku gani, abin da nake faɗa shekara da shekaru, ga shi injin Bature ya tabbatar.

Da layi ya zo kanki, kunyar nan ta tashi. Yaya zan zauna kafaɗa da kafaɗa da 'yar fari, ina tambayar ta abin da zuciyarta ke so, ga ƙawayenta suna leƙe ta taga? Sai na ce ina da uzuri a ofishin shugabar makaranta, na fita na bar ki ke da injin. A duk ajin nan, ke kaɗai kika amsa da bakinki. Kuma takardarki kaɗai ta fito daban: ilimin duwatsu da ma'adinai a sama, safiyo a ƙasansa.

Kin kawo mini ita ofishin malamai da hannu biyu. Ina iya tuna fuskarki, ban taɓa ganin ta a sake haka ba. Na karɓa, na karanta, na yi dariya yadda kowa zai ji, na ce, “Injin nan ya fara zafi. Mace da tonon rami?” Malamai suka taya ni. Malamin lissafi ya ce a saya miki diga da shebur tun yanzu. Kika miƙo hannu, na ba ki takardar, kika ninke ta huɗu kika fita.

Shekaranjiya na gane cewa a duk takardun da ɗakin nan ya fitar a hannuna, taki ce kaɗai ta gaskiya, kuma ita na ce ta lalace. Sauran duk ni ce. Ni na zauna na amsa tambaya ɗaya sau da yawa da sunan yara daban-daban, injin ya yi ta maido mini da ra'ayina, ni kuma ina tafa masa.

Don haka ki ji. Kwamfuta ba ta duba, ba ta san gaibu ba, abin da aka zuba mata shi take tacewa ta miƙo. Amfaninta ɗaya ne, kuma babba ne: tana yin tambaya ba ta ɗaure fuska, ba ta jiran amsar da za ta faranta mata. Duk inda aka zaunar da ke gabanta a kan abin da ya shafi rayuwarki, kada ki bari hannun wani ya hau maɓallan, ko da hannun mai ƙaunarki ne. In ba ki gane tambaya ba, ki ce a fassara miki, sannan mai fassarar ya matsa.

Na uku shi ne wanda ya fi muni, kuma kin riga kin san shi, amma sai na faɗa da kaina. Kin je shagon Oga Sande kin cika fom ɗinki, kin sa karatun duwatsu. Intanet ta yanke kafin a tura, ya ce ki dawo. Washegari kina aji, na saci jiki na hau acaɓa na je. Mutumin nan yana da wani littafi mai baƙin bango inda yake rubuta lambar sirrin kowane yaro, kamar mai rubuta sunayen 'yan biki. Na ce ni ce uwarta, ya buɗe ba musu. Na sa ya goge abin da kika sa, ya rubuta likitanci, ya tura, na karɓi takardar shaida na kulle a jakata, na ce miki an riga an tura, ba sai kin koma ba. Ranar jarabawa da safe na miƙa miki ita, na ce, “Kwamfutarsu ta yi kuskure, ta sa miki likitanci. Wa ya sani, ko zaɓin Allah ne.” Kika dubi takardar, kika dube ni, kika ce, “To, Malama.”

Na yi sata, na ɗora wa inji, na kuma jawo sunan Allah na rufe. Ke kuwa kin san komai tun watanni kafin nan, kika tsaya kina kallon uwarki tana shirya ƙarya a tsakar gida da carbi a hannu.

Makin da kika ci bai kai na likitanci ba. Jiya na je na bincika da kaina, na ga ya wuce abin da aka nema a karatun duwatsu a shekarar, ya wuce da rata. Da yanzu kina aji biyu a jami'a. Shekara ta biyu da hannunki kika cika likitanci, ba wanda ya sa ki, na bi ofis-ofis ina cewa yarinya ta yi hankali. Aka sake rasawa. Bana kika ce kin gaji da jarabawa, a nema miki jinya. Na ce madalla.

Ni da na yi shekara ashirin ina koyar da adabi. Ni da nake tsayawa gaban allo ina zagin iyayen cikin littattafai masu danne 'ya'yansu, ina sa yara su rubuta insha'i a kan illar haka, ina ba su maki da jan biro. Ni da mahaifina ya cika mini fom ɗin kwalejin horon malamai ina tsaye a kansa, alhali lauya na so zama, na kuma riƙe shi a raina har ya bar duniya. Shi dai a gabana ya yi, da rana tsaka, ya ce ga abin da ya yanke. Bai laɓe ba, bai ce biro ne ya yi kuskure ba.

Shawara a kan wannan: lambar sirrinki ki riƙe ta a kanki. Kada ki bar ta a littafin mai shago, kada ki ba ƙawa, kada ki ba ni. Ki buɗe imel naki na kanki da kin sauka Jos. Duk fom ɗin da za ki cika, ki zauna har a tura shi a gaban idonki, ki karanta takardar shaida tun daga sama har ƙasa kafin ki tashi, ko da masu jira suna tsaki a bayanki. In intanet ta yanke, ki jira ta.

Yanzu saura naki, don ba zan bar ki ki tafi kina ganin kanki waliyyiya ba. Me ya hana ki magana? Oga Sande ya ce miki ana iya gyarawa, kika ce a bar shi haka. A bar shi haka saboda me? Kin ɗauka biyayya ke nan? Kin zuba ido ina tafiya zan faɗa rami ina goye da ke a bayana, kika yi shiru don kada ki kunyata ni. Da kin zo kin ajiye takardar a gabana kin ce, “Malama, na san ke ce,” da na yi faɗa, da na yi kwana uku ba na amsa gaisuwarki, da ƙila na ce ba ki da kunya. Amma da an gyara. Fushin kwana uku kika guje wa, kika biya da shekara biyu. Na san a wurina kika koyi shirun nan, shi ya sa yake ƙona ni. Inda za ki akwai malamai da shugabanni da za su yanke miki abu ba su tambaye ki ba. Ki gaishe su, ki rusuna, sannan ki faɗi abin da ke bakinki. Ladabi da magana suna zama wuri ɗaya.

Babanku kuma, da na gaya masa, sai ya cire hula ya riƙe ya ce, “Ni ai na ɗauka kun yi shawara ke da ita.” Shi da ba kunyar da ta ɗaure shi kamar ni, shi da yake goya ki a babur kullum zuwa makaranta, bai taɓa juyowa ya ce me kike son zama ba. Na gaya masa abin da ya sawwaƙa. Ki yafe masa, nasa sakaci ne, nawa kuwa da gangan.

Ranar Talata na dakatar da cika fom ɗin ɗalibaina, na mayar da su ɗakin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya a bayansu, na harɗe hannuwana a baya, na fassara abin da ke rubuce ban ƙara ko wasali ba. Wahalar da na sha wajen kame bakina Allah kaɗai ya sani. Akwai wata Bafulatana, Inno, da iyayenta ke zaune da shanunsu wajen Assakio, wadda na riga na rubuta wa jinya a raina. Likitan dabbobi ya fito mata. Ta kalli takardar ta ce, “Malama, dama ana karanta wannan? Ni nake yi wa shanunmu allura tun ina aji ɗaya.” Wata kuma, 'yar mai gyaran rediyo, injiniyan lantarki. Na tuna da ɗaliban shekarun baya da na tura jinya da koyarwa, ban san ko nawa ne a cikinsu suke tsaye yanzu a bakin gadon mara lafiya suna jin abin da kike ji ba. Wannan alhakin nawa ne, ni zan ji da shi.

Yanzu maganar katin. Katin cika fom ɗin jarabawar bana ne, kuma ba za a rufe ba sai ƙarshen wata. Na saye shi a wani wuri, ba wurin Oga Sande ba. Ban kankare shi ba. Ki duba da kyau, azurfar bayansa tana nan yadda take, ba wanda ya san lambar da ke ƙarƙashinta, har ni.

Kada ki ɗauka na juyo ne in tura ki karatun duwatsu kamar yadda na tura ki likitanci. In na yi haka ban koyi komai ba. Takardar nan ma da injin ya ba ki ba wahayi ba ce, yarinya 'yar shekara goma sha bakwai ce ta amsa tambayoyin, ke kuwa yanzu kin girme ta. Allah ya kai ki garin duwatsu da ramukan kuza. Ki sa Goggonki ta raka ki jami'a, ki nemi sashen, ki nemi mace mai karatun ko mai koyar da shi, ki tambaye ta wahalarsa, da inda ake samun aiki, da yadda ake zama a daji in an fita bincike. Ki shiga shagon intanet ki karanta da idonki. Ki kuma shiga ajin jinyar ki zauna mako biyu da zuciya ɗaya, ƙila ki so ta, aiki ne mai daraja in mai yin sa ya zaɓe shi. In jinya kika zaɓa, ki ba wata katin, ba zan tambaya ba. In ɗayan ne, ki kankare da farcenki, ki cika, ki koma ga littattafanki. Maganar dangi da abin da za su ce, ki bar mini su, bakina ya ishe su.

Abu ɗaya nake roƙo. Duk abin da kika yanke, ki kira wayar babanku ki ce a ba ni, ki gaya mini da bakinki. Kada ki ce mini “To.” Na ƙoshi da “To” ɗinki har ƙarshen rayuwata.

Ban ce ki yafe mini yau ba. Ki ɗauki lokacinki.

Allah ya sa direbanku mai hankali ne, ya haye da ku Hawan Kibo lafiya. Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane, da sharrin masu son ki irin son da na yi miki. Ya haɗa ki da malaman da za su tambaye ki kafin su yanke. Ya jiƙan Iya, wadda ta gan ki tun ban gan ki ba. Ki riƙe salla, ki sa rigar sanyi, ki gaida Goggonki da yaranta.

Allah ya yi miki albarka, Ramatu.

Ga shi na rubuta, shekara goma sha tara bayan an raɗa miki shi. In kin kira, da shi zan amsa.

Ni ce mahaifiyarki,
wadda kike ce wa Malama.